Kundin Aikin Ginin Gidan Iyali a Gangaren Dutse, Gabashin Makka

Lahadi, 15 ga Satumba, 2024

Na buɗe wannan kundi ne domin 'yan'uwan da suka ɗora mini amanar kula da ginin gidanmu su riƙa sanin halin da aiki yake ciki, musamman mazauna Jidda da Madina waɗanda ba sa samun zuwa wurin, haka kuma domin duk mai shirin sayen fili a jikin dutse ya ga abin da ke jiransa tun bai biya kuɗi ba. Filin yana gefen Shara'i, a gabashin Makka, kuma da diyyar tsohon gidanmu muka saye shi, wato gidan da ke kan ɗaya daga cikin duwatsun bayan titin Shari' Mansur, wanda aikin sabunta unguwanni ya bi ta kansa. Faɗinsa a bakin titi mita 20 ne, tsawonsa zuwa cikin dutse mita 30, kuma ya zo mana da sauƙi idan aka kwatanta da filayen da ke shimfiɗe a ƙasan unguwar, domin kowa ya san sarar dutse tana cin kuɗi. Burin iyali shi ne bene mai hawa uku, Hajiya a ƙasa saboda ciwon ƙafa, sauran kuma a sama.

Sharaɗin da na gindaya kafin in karɓi amanar shi ne ba za a shigo da motar haƙa ba sai an san abin da ke ƙarƙashin filin da kuma abin da ke zaune a samansa. Tun shekarar 2021 dokar gini ta Saudiyya ta hau kan gidajen zama, kuma ba a samun ruhusa, wato izinin gini, daga baladiyya, hukumar birni, sai da rahoton gwajin ƙasa, da ofishin injiniyoyi mai sa ido, da inshorar shekara goma kan lahanin da ke ɓoye a jikin gini. Sai dai mutane da yawa suna ɗaukar rahoton a matsayin takardar cike gurbi, a huda rami biyu a inda mota ta fi samun sauƙin shiga, a buga hatimi, a wuce. A shimfiɗaɗɗen fili wataƙila a tsira da haka, amma a gangare tambayoyin biyu ne: ko ƙasar za ta ɗauki nauyin gida, da kuma ko dutsen zai ci gaba da zama a inda yake bayan an sare masa gindi. Ta biyun ita ce ke hana ni barci.

Baffa bai gamsu ba. Ya ce mini, "Ɗana, shekara sittin muka yi a kan dutse ni da mahaifinka, ba mu taɓa kiran wani ya gwada mana shi ba, kuma ko tsakuwa ba ta taɓa faɗo mana ba." Na ce masa, "Gaskiya ne, Baffa, amma ina roƙon a ba ni wata biyu." Ya amince. Maganarsa tana da nauyi, kuma ta cancanci a ba ta amsa da hujja idan sakamako ya fito.

Alhamis, 26 ga Satumba, 2024

Safiyo ya kawo taswirar hawa da gangaren filin. Daga bakin titi zuwa iyakar baya akwai hawan mita 9, kuma bayan iyakarmu dutsen yana ci gaba da miƙewa sama, ya ma fi tsayuwa, ga manyan duwatsu a zazzaune a jikinsa, wasu sun haura mita 2 a kauri. Idan muka bi tsarin da maƙwabta suka bi, wato a daidaita filin gaba ɗaya da titi, za mu tashi da sararren dutse mai tsayin mita 9 a tsaye ƙyam a bayan ɗakunan kwana.

Masanin duwatsun da muka ɗauko ya yi wuni guda yana hawa da sauka da guduma da kamfas. Ya bayyana mini cewa duwatsun Makka suna cikin tsohon sashen da masana ke kira Garkuwar Larabawa, wanda ya mamaye yammacin ƙasar nan, shekarunsu sun haura miliyan 540, kuma yawancinsu giranit ne da danginsa. Idan ka ɗauki guntu a hannu babu abin da ya kai shi tauri, sai dai dutsen gaba ɗayansa ba dunƙule yake ba, tsage-tsage sun ratsa shi ta fuskoki daban-daban tun zamanin da ƙasa ta matse shi, sannan zafin rana da sanyin dare da ɗan ruwan da ke sauka jefi-jefi sun daɗe suna ruɓar da shi ta bakin waɗannan tsagogin. Saboda haka aikinsa na yau shi ne auna inda kowace tsaga ta fuskanta da yadda ta karkata.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a kwamfuta na gan shi. Ya buɗo tsofaffin hotunan tauraron ɗan'adam a Google Earth, waɗanda aka ɗauka kafin a yanka filayen unguwar, sai ga wani ɗan kwari yana gangarowa daga saman dutse, ya bi ta gefen filinmu na gabas, ya tsallaka inda titi yake a yanzu. An cike kwarin da baraguzai an baje, amma dutsen da ke tara masa ruwa yana nan yadda yake, don haka ruwan zai ci gaba da neman tsohuwar hanyarsa. 'Yan'uwanmu na Jidda ba sa buƙatar a yi musu bayanin wannan, domin sun ga abin da ya faru ranar 25 ga Nuwamba, 2009, ranar takwas ga Zulhajji, lokacin da ruwa ya biyo kwaruruwan da aka yi gini a cikinsu ya afka wa Ƙuwaiza da unguwannin gabashin birnin, mutane fiye da 120 suka rasu.

Talata, 15 ga Oktoba, 2024

An kammala huda ramukan gwaji, waɗanda a nan ake kira jassat. Huɗu muka yi: biyu a baya kusa da jikin dutse, ɗaya a tsakiya, ɗaya kuma a kusurwar gabas ta bakin titi, daidai kan tsohon kwarin. Sai da aka share wata 'yar hanya kafin injin ya iya hawa zuwa na bayan, abin da ya ƙara kuɗi, amma ramin da aka huda a bakin titi ba zai faɗi komai game da dutsen da za a sara a baya ba.

Injin yana fito da dutsen ne a mulmule, tsawo-tsawo, ana jerawa a cikin akwatuna bisa zurfin da aka ciro shi. Hanyar da suke auna ingancinsa mai sauƙin fahimta ce: a kowane zango da aka huda, ana tara tsawon guntayen da suka kai santimita 10 ko fiye, a kwatanta da tsawon zangon gaba ɗaya. Idan yawancinsa ya fito a dogayen guntaye, dutsen lafiyayye ne; idan ya fito a farfashe, tsagoginsa sun yi yawa. A ramukan baya, mita 2 na farko ruɓaɓɓen dutse ne da ake iya marmashewa da hannu, daga nan aka shiga mai kyau, sai dai a wajen mita 5 an ci karo da wata tsaga mai ɗauke da laka ja-ja mai santsi, kuma ta bayyana a ramukan biyu duka. A ramin kusurwar gabas kuwa, sai da aka wuce mita 4 da rabi na ciko, duwatsu da yashi da fasassun bulo har da guntun roba, kafin a taɓa dutsen asali. Ke nan gidan da muka zana a takarda zai ɗora ƙafa ɗaya a kan falalen dutse, ɗaya a kan tarkacen da babu wanda ya daddanne shi, kuma gini irin wannan shi ne wanda ke tsagewa daga sama har ƙasa bayan 'yan shekaru, saboda gefe ɗaya yana nutsewa ɗayan yana tsaye.

Litinin, 4 ga Nuwamba, 2024

Rahoton ya fito, kuma zan taƙaita shi yadda na fahimce shi bayan zaman da na yi da injiniyan da ya sa masa hannu.

Manyan tsagogin da ke bayan filin sun karkata ne da kimanin digiri 40, kuma gangarensu yana fuskantar titi, wato yana fuskantar inda gidan zai tsaya. Misalinsu kamar farantan da aka jera a kan tire sannan aka karkata tiren: muddin akwai abin da ya tokare na ƙasa, duk suna zaune, amma da zarar an cire tokarin sai su sulalo. A yanzu gindin dutsen shi ne tokarin. Idan muka sare shi a tsaye har mita 9, bakin tsagogin zai fito a jikin sarar, kuma babu abin da zai riƙe falalen da ke sama sai kaushin da ke tsakaninsu. Busasshen dutse mai kaushi yakan riƙe kansa har zuwa karkatar digiri 30 da wani abu, ya ma fi haka idan fuskokin suna da gargada, amma tsagar da laka ta cika ba ta kaiwa nan, balle idan ta jiƙe. Ruwa yana yin ɓarna biyu a lokaci ɗaya: yana sa lakar santsi, sannan idan ya cika tsagar yana tura falalen waje da nauyinsa. A ƙa'idar injiniyoyi, ƙarfin da ke riƙe gangare ya kamata ya kai ninki ɗaya da rabi na ƙarfin da ke jan sa ƙasa, kuma lissafinsu ya nuna sarar mita 9 a tsaye ba za ta kai wannan ma'auni ba ko da rani, idan kuwa tsagar ta cika da ruwa, lissafin ya faɗi ƙasa da ɗaya.

Na tambaye shi dalilin da ya sa sarar wasu maƙwabta take tsaye shekara da shekaru babu abin da ya same ta. Ya ce mini, "Ya Ustaz, a Makka ruwan shekara guda bai fi milimita 100 da 'yan kai ba, kuma akan jera shekaru ba a yi mai ƙarfi a kan dutse ɗaya ba. Tsayuwar sara shekara goma tana iya nufin ba a jarraba ta ba tukuna. Ban da haka, filin da ke fuskantar wata nahiya tsagoginsa suna iya karkata zuwa cikin dutse, shi kuwa wannan ba ya cikin irin haɗarinku." Wannan bayani na ƙarshe ya kamata duk mai sayen fili ya riƙe shi, domin filaye biyu a dutse ɗaya, tazarar 'yan mitoci a tsakaninsu, suna iya bambanta ƙwarai.

Rahoton ya taɓo girgizar ƙasa a taƙaice. Makka ba ta cikin yankunan da suka fi fuskantar barazanar, irin su gaɓar Aƙaba da Jazan, amma Bahar Maliya tana ci gaba da buɗewa a hankali, kuma girgizar da ta sa aka kwashe mutanen garin Al-Is a watan Mayun 2009 ta nuna cewa yammacin ƙasar ba a kwance yake ba. An saka wannan a lissafin.

Juma'a, 15 ga Nuwamba, 2024

Mun yi zaman iyali bayan la'asar a gidan da Hajiya ke haya. Na shimfiɗa taswira da hotunan akwatunan dutse, na yi bayani iya iyawata, sannan na koma kan maganar Baffa, wadda nake ɗauke da ita tun watan Satumba.

Na ce, "Baffa, tsohon gidanmu bai sari dutse ba, bin sa ya yi. Inda dutse ya hau, ɗaki ya hau, ana haɗa su da matakala, kuma bangon ba shi da nauyin da za a kwatanta da na bene mai hawa uku na kankare. Ba a cire wa dutsen komai a gindi ba, ba a kuma cike wani kwari aka hau kansa ba." Kafin ya amsa sai Hajiya ta sa baki, ta ce, "Kuma ka tuna, Malam, da garwa ake hawo mana da ruwa, kowa yana tattalinsa. Yaushe muka taɓa zuba wa dutsen nan ruwan da yaran yanzu ke zubarwa a wanka ɗaya?" Wannan magana tata ta taɓo abin da ni ban ma kawo ba tukuna, domin sabon gida yana zuwa da tankin ƙasa da wayit, wato tankar ruwa, ke cikawa, da bayyara, wato ramin tara ruwan ƙazanta, da bututun da ke iya yoyo shekaru ba a sani ba, duk a jikin dutsen da a da ba ya ganin ruwa sai na sama. Baffa ya daɗe yana duban hoton tsagar mai laka, sannan ya ce, "Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ku yi abin da masu ilimin suka ce."

Yaya ya kawo shawarar a sayar da filin a nemi wani a ƙasa. An tattauna sosai, kuma kowa ya yarda cewa idan za a sayar dole a miƙa wa mai saye rahoton, domin addini bai halatta sayar da abu a ɓoye aibinsa ba, kuma da rahoton a hannu farashin zai faɗi. A ƙarshe aka tsaya kan ci gaba da ginin bisa sabon tsari: a sari dutsen hawa biyu, kowane mita 4 da rabi, a bar dakali mai faɗin mita 3 a tsakaninsu, a kafe falalen da ƙusoshin ƙarfe, a jawo gidan gaba ya rabu da jikin dutse, sannan a sauke harsashin gefen gabas har ya taka dutsen asali. Kowane hawa na gidan zai rasa ɗakuna biyu na baya, kuma kuɗin da aka ware wa ƙarasa hawa na uku zai tafi a aikin da ba a gani. Ƙanwarmu ce wannan ya fi shafa, domin nata ne hawa na uku, kuma ita ce ta fara cewa ta yarda.

Lahadi, 15 ga Disamba, 2024

Ruhusa ta fito ta manhajar Balady, wadda ake neman izinin gini ta cikinta, bisa sabon zane, kuma an fara aiki. Kafin a taɓa dutsen, an fara gina lambatu a saman iyakar baya domin ya tare ruwan da ke gangarowa ya karkata shi gefe. Sara ana yin ta ne daga sama zuwa ƙasa, kaɗan-kaɗan, da bokalen mai daggag, wato motar haƙa mai gudumar fasa dutse, ba a yarda da nakiya ba saboda gidajen da ke kewaye da kuma duwatsun da ke zaune a sama. Direban ya so ya fara daga gindi domin ya fi masa sauri, injiniya mai sa ido ya hana, kuma na mara masa baya. Mun ɗauki hotunan bangon maƙwabcinmu na yamma tare da shi kafin a fara, domin kada a yi jayayya daga baya kan tsagar da take nan tun da.

Litinin, 6 ga Janairu, 2025

An yi ruwa mai ƙarfi a Makka da Jidda da Madina, kamar yadda cibiyar hasashen yanayi ta yi gargaɗi. Mun janye ma'aikata da injuna daga gindin sarar tun da safe. Bayan ya tsagaita na je wurin tare da masanin duwatsu, muka tsaya daga tsallaken titi muna dubawa. Lambatun sama ya yi aikinsa, amma ya cika da tsakuwa har ya fara tumbatsa a kusurwar gabas, kuma ruwan da ya kuɓuce bai bi ko'ina ba sai layin tsohon kwarin, daidai yadda hoton tauraron ɗan'adam ya nuna, ya ƙwaƙule cikon ya bar rami mai zurfin da ya kai ƙugun mutum.

Mutumin Makka bai kamata ya yi mamakin ruwa ba. Garin yana kwance ne a tsakanin duwatsu, Harami yana cikin Wadi Ibrahim, kuma dutse ba ya shan ruwa, tura shi yake yi ƙasa cikin 'yan mintuna. Ambaliyar shekarar 1039 ta Hijira, wato 1630, ita ce ta rushe bangon Ka'aba har aka sake gina ta a zamanin Sarkin Daular Usmaniyya Murad na huɗu, kuma tsofaffi sun ba mu labarin ta 1941 wadda mutane suka yi ɗawafi da iyo. Ƙarancin ruwan sama shi ke sa a manta, har a yi gini kamar ba za a sake yi ba, alhali idan ya tashi zuwa yakan sauke na wata da watanni a yini ɗaya, kamar milimita 179 da aka auna a kudancin Jidda cikin 'yan sa'o'i ranar 24 ga Nuwamba, 2022.

Laraba, 8 ga Janairu, 2025

Kwana biyu bayan ɗaukewar ruwa, ko'ina ya bushe, amma tsagar mai laka tana ci gaba da tsattsafo da ruwa a jikin sarar sama, kuma wani falale mai faɗin kimanin mita ɗaya ya sulalo ya tsaya a kan dakali. Da an yi sarar a tsaye kamar tsarin farko, da a inda ɗakin Hajiya yake a tsohon zane zai sauka. Na kai Baffa ya gani da idonsa. An yanke shawarar a faɗaɗa lambatun sama, a yi masa ramin tare tsakuwa, kuma a binne babban bututu a bin layin tsohon kwarin har zuwa magudanar titi, domin tunda ruwan ya nuna hanyar da yake so, a nan ya kamata a gina masa ita.

Alhamis, 30 ga Janairu, 2025

An gama kafa ƙusoshin sarar sama. Kowace sandar ƙarfe ce mai tsawon mita 6, ana huda mata rami a karkace yadda za ta ratsa tsagar ta shiga lafiyayyen dutsen da ke bayanta, a ɗura ruwan siminti ya cika ramin, a ɗaure bakinta da farantin ƙarfe. Bayan nan aka shimfiɗa raga aka fesa kankare, irin aikin da duk wanda ya hau hanyar Hada zuwa Ɗa'if yake gani a jikin duwatsu. An gwada wasu daga cikin ƙusoshin da jak, ɗaya ta zamo kafin ta kai nauyin da ake so, aka gano simintin bai kai ƙarshen ramin ba, aka huda wata a kusa da ita, aka kuma ƙara yawan waɗanda za a gwada.

Mun sami saɓani da ɗan kwangila kan bututan fitar da ruwa. Ya so ya rufe fuskar dutsen gaba ɗaya da kankare domin ta fi kyan gani, yana cewa ramukan za su riƙa ɓata bango da zirin datti. Na ƙi amincewa, domin kankaren da ya toshe bakin tsaga ba tare da mafita ba tara ruwa yake yi a bayansa, wanda shi ne ainihin abin da muke gudu. An saka bututan, an kuma huda dogaye guda uku a bin tsagar mai laka.

Laraba, 19 ga Fabrairu, 2025

An kwashe cikon gefen gabas gaba ɗaya a ƙarƙashin inda ginshiƙai za su tsaya, kuma injiniya ya sauka cikin kowane rami ya tabbatar an taka dutsen asali kafin a zuba kankare. An sassaƙa dutsen matakala-matakala domin kowane harsashi ya zauna a kan shimfiɗa, kada ya zauna a kan gangare.

Batun bayyara ya ci mana lokaci. Al'adar da aka saba ita ce a haƙa ta a bar gindinta a buɗe domin ƙasa ta riƙa shanye ruwan, a rage kiran motar kwasa. A jikin dutse mai tsagogi wannan yana nufin a riƙa ɗura wa tsagogin ruwa dare da rana, kuma cutarwar ba lallai ta tsaya a kanmu ba, tana iya sauka kan gidajen da ke ƙasa da mu a tsallaken titi. Abin da ya faru a Duwaiƙa, a gindin dutsen Muƙaɗɗam na Alƙahira, ranar 6 ga Satumba, 2008, cikin watan azumi, ya isa darasi: manyan falalen dutse suka ɓalle suka danne gidaje, mutane fiye da 100 suka rasu, kuma ruwan ƙazanta da ke tsiyaya daga gidajen da ke saman dutsen yana cikin dalilan da masana suka ambata. Dutsensu na farar ƙasa ne, namu giranit, amma hanyar da ruwa ke bi ya raunana tsaga iri ɗaya ce. Mun tsaya kan bayyara rufaffiya ta kankare, mai shafen hana yoyo ciki da waje, a bakin titi nesa da sarar, haka ma tankin ruwan sha, kuma za a cika kowannensu a bar shi kwanaki a ga ko ruwan zai ragu kafin a rufe. Za mu riƙa biyan kuɗin kwasa har ranar da bututun gwamnati zai iso layinmu.

Talata, 18 ga Maris, 2025

Saboda azumi aikin rana ya ragu zuwa sa'o'i shida, don haka zubin kankare ya koma bayan tarawihi, wanda ya ma fi dacewa da shi saboda sanyin dare. A daren Lahadi aka zuba bangon da zai tare ƙasar gefen gabas, mai tsayin mita 4, aka ɗebi samfur domin gwajin kwana 7 da na kwana 28. Ana shayar da shi ruwa safe da yamma a ƙarƙashin buhunan algarara.

Wani ɗan'uwa ya tambaye ni dalilin kashe kuɗi a kan tsakuwa da bututu a bayan bango mai kauri haka. Lissafin a fili yake: ruwan da ya cika mita ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi nauyinsa tan ɗaya ne, saboda haka idan ruwa ya taru a bayan bango mai mita 4, kowace mita ta tsawon bangon tana ɗaukar turin tan 8 daga ruwan kaɗai, kuma jimillar nauyin da ke kansa takan ninka na busasshiyar ƙasa sau biyu ko fiye. Yawancin bangayen da ke kifewa bayan ruwan sama rashin mafitar ruwa ne ke kayar da su.

Lahadi, 13 ga Afrilu, 2025

Sakamakon gwajin kwana 28 ya kai ƙarfin da aka tsara, don haka gobe za a fara cike bayan bangon. Za a sa bututu mai huje-huje a gindi, a lulluɓe shi da tsakuwa da ƙyallen tace ƙasa, sannan a riƙa zuba ciko kaurin santimita 25 ana daddannewa da inji, ana gwada kowane shimfiɗi sai ya kai kashi 95 cikin ɗari na matsewar da aka samu a ɗakin gwaji kafin a ɗora wani. An gama ƙusoshin sarar ƙasa, kuma an kafa alamomi a kan dakali da saman sarar waɗanda safiyo zai riƙa aunawa kowane wata, da kuma bayan duk wani ruwa mai ƙarfi. Awon farko da na biyu ba su nuna motsi ba.

Abin da ya rage a buɗe shi ne manyan duwatsun da ke sama da iyakarmu. Masanin ya ware guda uku da ruwa ya ƙwaƙule musu gindi, amma wurin ba mallakinmu ba ne, ba mu da ikon fasa su ko ɗaure su sai da izini. Mun rubuta takardar neman a zo a duba, maƙwabta shida sun sa hannu tare da mu, an haɗa da hotuna da shafukan rahoton da suka shafi wurin, kuma mun roƙi a nemi ra'ayin Hukumar Binciken Ƙasa ta Saudiyya da ke Jidda, wadda nazarin irin wannan haɗari yake cikin aikinta. Kafin amsa ta zo za mu kafa shingen raga mai ginshiƙan ƙarfe a bakin lambatun sama, wanda zai tare ƙananan duwatsu amma ba zai iya da waɗannan ukun ba, kuma iyali sun amince cewa ko an gama ginin babu wanda zai tare sai an warware batunsu. Ɗan kwangila yana ƙoƙarin shigo da rodi da katakon dakin, wato rufin kankare, na hawan ƙasa a cikin makon nan, kafin a tsaurara shiga Makka saboda aikin Hajji, kuma idan Allah ya yarda za a zuba dakin ɗin a farkon watan Mayu.